Furfurar da Sharofat Ta Hana a Rina

Shekara talatin da ɗaya Sharofat ta yi a bakin tukunyar rini a garin Margilan, kuma ba a taɓa dawo mata da zare an ce launi ya ɓaci ba. Ubanta marini ne, a gidansa ta koyi gane zafin ruwa da bayan hannu. Da ta gama makaranta ta shiga masaƙar alharini, sashen rini. A can ta haɗu da Ergash, wanda aikinsa ɗaurin zare ne: ya bi zanen da aka fitar, ya naɗe duk inda ba a so launi ya taɓa, ya miƙa mata ta tsoma, ya kwance, ya ɗaure wani wurin, ta sake tsomawa. A kan wannan aikin suka yi aure, kuma da masaƙar ta rage ma'aikata suka kafa tukwanensu a bayan gida. Allah ya ba su 'ya'ya biyu, Davron da ƙanwarsa Shahlo.

Furfura ta kama Sharofat tun ba ta kai arba'in ba. Ta yi abin da uwarta ke yi, duk bayan mako shida ta kwaɓa lalle ta shafa, ta bi shi da garin baba na rini, gashin ya fito baƙi wuluk. Shekara goma sha biyar tana haka.

Davron ya rasu a wajen aikin gini a Rasha yana da shekara ashirin da shida. Kwana tara gawar ta yi kafin ta iso. Sharofat ta sa shuɗin kaya na makoki, ta ajiye kwalli da lalle kamar kowace uwa har shekara ta zagayo. Furfurar ta shiga fitowa, kusan faɗin yatsa a wata. A wata na goma sha ɗaya farin ya kai tsawon tafin hannunta, kuma inda ya haɗu da baƙin akwai layi a miƙe, kamar an ja shi da zare. Rininta na ƙarshe kwana huɗu ne kafin a bugo musu wayar rasuwar. Duk safiya in tana taje kai sai ta ga layin ya ƙara sauka.

Yayar Ergash, Tursunoy, ita ke jan ragamar duk wani taro na dangi. Har yau amarya take ce wa Sharofat, shekara kusan talatin bayan biki. Saura kwana goma a yi taron cire shuɗin makoki ta zo da lalle da garin baba a leda, ta ajiye a kan gadon katakon da ke ƙarƙashin inabi. Ta ce ta gayyato wasu mata daga garin Kokand, suna nema wa ɗansu, likitan haƙori, matar aure, kuma sun ji labarin Shahlo.

"Amarya, Allah ya jiƙan yaron nan, shekara ta cika. Amma kan nan naki fari da baƙi kamar shamuwa, haka za ki zauna a gaban baƙi? Uwa ake fara kallo kafin 'ya."

"In launi biyun ne ya dame ki, Yaya, zan mai da shi ɗaya."

Tursunoy ta tafi da murna, a zatonta an gama magana.

Washegari Sharofat ta shiga kasuwa ta sayo hodar bilicin ta gashi, kwali biyu, masu hoton wata mata mai gashi kamar auduga. Lissafinta shi ne idan kan ya zama fari gaba ɗaya, babu sauran abin da za a ce ta gyara. Ta jira Ergash ya fita sayen zare, ta kwaɓa, ta shafa a baƙin, ta zauna ta cika mintocin da aka rubuta a kwalin.

Da ta wanke ta tsaya gaban madubi. Kusa da layin gashin ya koma ruwan lemo. Tsakiyarsa kore ne irin na gansakuka, bakinsa kuma yana nan da duhunsa. Ta baya, inda hannunta bai kai daidai ba, dabbare-dabbare ne. Hodar ta kuma haura cikin farin da faɗin yatsa ɗaya ta mai da shi ruwan ɗorawa. Da ta ja sili ɗaya sai ya miƙe kamar roba, ya tsinke.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ta sani. Ta sha faɗa wa sababbin ma'aikata cewa baba in ya kama ya kama, kowane launi yana fita ban da shi. Hodar ta cinye baƙin gashin da rabin jan lallen, ta bar shuɗin a zaune. Matar da ba ta taɓa tsoma zare ba tare da ta gwada ɗan guntu ba, ita ce ta yarda da hoton kwali.

Shahlo ta ja ta zuwa shagon gyaran gashi na kusa da tashar mota. Mai shagon, wata matashiya mai suna Ziyoda, ta kwance ɗankwalin, ta danne dariyarta, ta ce, "Inna, wa kika yi wa laifi haka?" Ta gwada sili ɗaya, ta ce hanya biyu ce kawai: ko a rufe kan da launi mai duhu daga tushe har baki, ko a datse shi gajere kamar na ɗan makaranta. Idan aka sake sa hoda, a cikin kwanon wanki gashin zai ƙare. Sharofat ta tambaya ko za a iya rina ƙasan kaɗai. Ziyoda ta ce launi zai gangara wajen wanki, furfura kuwa ba ta ƙin launi, kuma ko an yi, kore da ruwan lemo ba za su karɓa daidai ba. Sharofat ta yi godiya, ta ɗaura ɗankwalinta, ta fito.

Kafin la'asar labari ya kai wa Tursunoy. Ta zo ta leƙa kan, ta tafa hannu, ta ce marina ta rina kanta kalar kwaɗo, yanzu dai dole a koma ga ledarta. Ta ƙara da cewa kowace uwa a unguwar nan da ta binne ɗa ta cire shuɗi ta shafa lalle, ba a ce ta manta da shi ba.

"Su ma ban ce sun manta ba," in ji Sharofat. "Farin nan, Yaya, daga ranar da aka kira mu ya fara fitowa. Ba abin da zan shafa masa."

"To ki datse."

"Shi ma ba zan yi ba."

Tursunoy ta ce ita dai ta faɗi gaskiya, in mutanen Kokand suka juya kada a nemi bakinta. Bayan ta fita Sharofat ta tambayi 'yarta kai tsaye ko tana so ta rina saboda ita, ta ce in tana so za ta yi, ba za ta taɓa goranta mata ba. Shahlo tana yanka karas, ba ta ɗago ba. Ta ce ita ko hoton mutumin ba ta gani ba, in kan uwarta ne zai kore su gara su koma tun yanzu a rage shinkafa.

Saura kwana takwas. Kwana ukun farko Sharofat ba ta sa wa gashin komai ba sai man auduga da kindirmo, har ya daina tsinkewa. Sannan ta yanko 'yan silla daga ƙeya, daga kowane launi, ta ɗaure su ƙulli-ƙulli ta jera a farin faranti kamar yadda take yi wa sabon zare. Ja a kan kore yana ba da ruwan ƙasa, shuɗi a kan ruwan lemo ma haka, wannan duk marini ya sani. Abin nema shi ne ƙarfi da lokaci. Ta yi ta gwadawa tana rubuta mintoci da fensir a bangon da ke gefen tukunya. Koren yana son lalle na minti arba'in. Ruwan lemon yana son baba mai ruwa-ruwa na minti shida, in ya kai bakwai sai ya yi dauɗa. Bakin gashin mai duhu, faɗin yatsa uku, ta datse shi da kanta.

Saura yadda za a hana launi taɓa farin, kuma mutum ɗaya ta sani da zai iya. Tun rasuwar ita da Ergash ba sa magana sai ta aiki da ta abinci. A da Baban Davron take ce masa, shi kuma Maman Davron, to a shekarar nan sai kowa ya koma fara magana ba tare da ya kira ɗan'uwansa ba. Bayan shayin safe ta ajiye masa zaren auduga da tsage-tsagen ledar ɗauri a gabansa, ta cire ɗankwalin, ta nuna masa faranti da rubutun bango.

Ergash bai yi mata faɗa ba, bai kuma yi dariya ba. Ya zagaya ta, ya ɗaga gashin yana duba shi ta hasken rana kamar yadda yake duba aikin mai saye. Ya raba shi gida arba'in da biyu. Kowanne ya naɗe shi da leda daga tushe har layin, ya bi da zare ya tamke har fatar kan ta yi ja. Da ya zo kan wurin da ya yi ruwan ɗorawa ya tsaya, ya ce in aka bar shi a waje zai karɓi launi ya ɓace, aikin ya fi kyau.

"Wannan na watan farko ne," ta ce. "Sa shi ciki."

Ya sa shi ciki. Tun hantsi suke zaune har aka kira azahar. Da ya zo ƙeya, hannunsa bai kai yadda yake so ba, sai ya ce, "Maman Davron, sunkuya kaɗan." Ta sunkuya. Ya ci gaba da ɗauri har ya gama.

Kwana biyu aikin ya ci. Ranar farko ya ɗaure ruwan lemon ma, ta shafa lalle a koren. Rana ta biyu ya kwance, ya ɗaure inda ya karɓi lalle, ta tsoma sauran a baba, shi yana riƙe da agogo. Wajen ɗauraya takan durƙusa ta saki gashin ƙasa, shi ya zuba ruwa daga layin ya gangara. Da aka kwance ɗaurin ƙarshe gashin ya bushe, ƙasan ya fito ruwan dabino, kusan daidai daga layi har baki. Farin yana nan yadda yake, ko ɗigo bai same shi ba. Bayan kunnen hagu akwai wurin da ya fi duhu, in rana ta haska shi har yanzu yana ɗan kore. Sharofat ta ce da zare ne ba za ta sayar da shi a matsayin na ɗaya ba, amma za ta fita da shi.

Ranar taron mata suka cika babban ɗaki. Malamar unguwa ta yi karatu, aka yi addu'a, aka shigo da gurasa da shinkafar palof. Matan Kokand su uku ne, an zaunar da su a wurin manyan baƙi. Da lokacin canza kaya ya yi, Tursunoy, a matsayinta na babba, ta zo ta bayan Sharofat ta kwance shuɗin ɗankwalin. Surutun ɗakin ya ragu. Kitso biyu ne a kwance a bayanta, saman kan fari fat, sai siririn zobe ruwan ɗorawa, sai ruwan dabino har ƙasa.

Tursunoy ta sunkuyo kunnenta. "Amarya, kin manta saman."

"Ban manta ba, Yaya."

Tursunoy ta ɗaura mata farin ɗankwalin, ta jawo shi har gira. Sharofat ta bari ta gama, ta sa yatsa biyu ta tura shi baya har farin ya fito a goshi, ta miƙe ta ɗauki butar shayi, ta fara zuba wa baƙin Kokand. Babbar cikinsu ta karɓi kofin tana kallon goshin, ta tambaya ko a birnin Fergana aka yi mata wannan gyaran. Sharofat ta ce a'a, ita da maigidanta suka yi a bayan gida, ta kuma faɗa mata mintocin daidai, arba'in na lalle, shida na baba.

Baƙin suka ci, suka yi addu'a, suka tafi, ba su sake aikowa ba. Ba wanda ya san ko gashin ne, ko dama sun ga wata yarinyar. Tursunoy ta ce gashin ne, ta yi wata huɗu ba ta taka gidan ba, sai da ciwon ƙafa ya kwantar da Ergash ta zo duba shi. Shahlo ta yi aure bayan shekara biyu da wani malamin lissafi na unguwarsu, uwarta ta zauna a wajen bikin da ɗankwalinta a inda ta saba ajiye shi.

Yanzu Sharofat tana da shekara hamsin da takwas, tana nan a bakin tukunyarta. Mata biyu ko uku sun zo mata da kawunan da hoda ta ɓata, ta yanki sili ta gwada musu, amma ba ta mai da shi sana'a ba. Layin ya wuce kafaɗarta. Duk bayan wata uku Ergash yakan rage mata bakin kitson saboda tsagewa. A watan jiya ya auna ya ce ruwan dabinon ya rage faɗin yatsa huɗu, in ya ci gaba haka kafin baɗi zai kai zoben nan mai ruwan ɗorawa. Ta ce daga yanzu rabin yatsa zai riƙa yankewa, in ya tsage ya tsage.