Ƙaramin Kofin Kaka

Duk gidanmu sun ɗauka abin da tatsuniyar Kaka take koyarwa shi ne kada baƙo ya mayar wa mai gida kwanonsa da saura. Ba haka ba ne. Kada a tambaye ni mene ne daidai, don ni ma kaina a ɗaure yake. Amma wannan dai ba shi ba ne, kuma shi ne yake neman cinye idon Babana.

A unguwar Bab Makka ta Jidda muke lokacin, a hawa na ƙarshe na wani tsohon bene. Sanyin Jidda ba wani sanyi ba ne, kashe esi ne kawai da sa riga mai dogon hannu. Amma da an ba mu hutun makaranta, Kaka sai ta sa a hau mata da murhun gawayi saman rufi. Bayan magariba ta hura wuta, ta ɗora kunun gyada, mu kewaye ta, ni da Yaya Nasiru da ƙanwata Hafsa. Ƙamshin mai suyar mutabbaƙ, wainar Larabawa, yana tasowa daga lungu, hayaƙi yana bin duk wanda ya fi surutu. Kaka ba ta Larabci sai ta fusata. Sunanta aka sa mini, shi ya sa take ce mini takwara.

"Ga ta nan tafe a gajiye, ku matsa mata," haka take farawa. Mu kuma mu ce ta zauna ta ji ɗumi.

Wai wani matafiyi ne sanyi ya koro cikin wani gari. A garin nan, in sanyi ya sauka, kowane gida sai ya jawo baƙo ya ciyar da shi, wanda kuma ya bar loma ɗaya ya zagi gidan har kakanni. Gidan farko aka cika masa akushi, ya share. Maƙwabta suka kama hannunsa, nan ma ya share. Haka aka yi ta miƙa shi har ya iso gidan wata tsohuwa a ƙarshen gari, yana numfashi da ƙyar, ta ajiye masa nata akushin.

Daga nan rigimarmu take. Yaya Nasiru ya rantse cewa mutumin ya ce ya ƙoshi, sai duk ƙofofin garin suka rufe, ya kwana a waje, sanyi ya busar da shi kamar kara. Hafsa ta ce ƙarya ne, cinyewa ya yi, ya zo fita ya maƙale a ƙofa, har yau yana nan ana shanya wanki a ƙafafunsa. Ni kuwa duka biyun na ji da kunnena. Ranar da Hafsa ta ture kunu, mutumin ya bushe. Ranar da Yaya ya wawushe gyaɗar da ake gasawa, ya maƙale. Na taɓa tsare Kaka in ji wanne ne na gaskiya. Ta ce, "Takwara, kin cika gaggawa. Sai ki tambayi wanda ya je garin."

Kaka ta rasu, mu kuma mun koma unguwar Safa, nan cikin Jidda. Baba direba ne a wani gida a unguwar Abhur, iƙamarmu, wato takardar izinin zama, duka a kan aikin nan take rataye. Likita ya ce sukari ya fara taɓa masa ido. In babu tuƙi babu kafili, ubangidan da yake tsaya mana, sai Kano, garin da ban taɓa gani ba sai a waya.

Hutun sanyi kuwa lokacin ziyara ne. Yau gidan Goggo Rabi ƙanwarsa, gobe 'yan'uwa daga Makka, jibi baƙi 'yan umara. Ko'ina shayi da madara a kofi kamar bokiti, ga ma'asub, kwaɗon ayaba da gurasa, ya sha zuma, ga kek ɗin basbusa. Baba ba ya cewa ya ƙoshi. A mota na yi ta magana har na gaji, ya ce, "Uwata, kin manta mutumin da ya bushe a waje?" Na ce, "Baba, na ƙofar fa?" Ya yi dariya, ya ce shi uwarsa ba ta taɓa ba shi wannan ba. Can ya rage gudu, ya ce in karanta masa allon hanya.

Ranar nan ina kallon Goggo tana tsiyaya shayi, sai hannun Kaka ya faɗo mini. Ba ta taɓa ƙin abin gidan mutane ba, ba ta kuma taɓa ragewa ba. Amma akwai wani ɗan kofin tasa da take ƙullewa a bakin mayafi. Da an ɗaga buta sai ta kwance shi ta ce, "Zuba mini a nawa, bakina ya saba da shi." A cika mata har baki, ta shanye, ta kife shi, ta sa wa gidan albarka. Ko basbusa ce, abin da ya shiga kofin shi ne rabonta. Ba wanda ya taɓa jin haushi.

Ko wannan ne ƙarshen da ta ƙi faɗa mana? Ban sani ba. Goggo ta ce ƙyanƙyami ne irin na tsofaffi. Yaya ya ce na cika fassara. Wataƙila kofin kawai take so.

Jiya na birkice akwatin Kaka na same shi, gefe ɗaya a lotse. Na wanke. Ran Juma'a Goggo ta gayyace mu, kuma ba zan sake yi wa Baba wa'azi a mota ba. Zan bari ta ɗaga buta, in ajiye shi a gabansa. Kofin uwarsu ne su biyun. Sai in ga wanda zai ce a ɗauke.