Ranar da Basilla Ya Tafi Hutu

Maganar da ke yawo a layinmu ita ce wai ɗan kawuna, wato Basilla, ya ja mijin ƙanwarsa cikin kogon dutse, ya fito shi kaɗai, ya sa zare ya ɗinke bakin kogon ruf, har da ƙulli biyu. Mai askin da ke maƙwabtaka da rumfarsa ya ƙara gishiri, wai har yau in ka kara kunne a jikin dutsen za ka ji mutum yana roƙon a kira masa lauya. To ku kwantar da hankalinku. Ina wurin. Da ƙafafuna na hau dutsen nan, da mazaunaina na sauko rabinsa. Mijin ƙanwar tasa yana nan da ransa, jiya ma na hango shi yana fitowa daga mota da ɗan ɗingishi. Ba a ɗinke kogo ba. Amma abin da aka yi masa, da an ba shi zaɓi, ina jin ɗinkin kogon zai ɗauka.

Basilla mai gyaran takalmi ne, shekara ashirin da shida ke nan yana wannan sana’a. Rumfarsa kwano uku ce a kusurwar titin da ke gangarawa tashar mota. Akwai benci mai ƙafa uku da rabi, da gwangwanin ƙusoshi, da dunƙulen kaki na goga zare, da wani ƙarfe da yake kifa takalmi a kai ya buga. Sunan ya samo shi daga allurar nan mai kauri da yake huda fata da ita, ga shi kuma siriri kamarta, in ya juya gefe sai ka nemi inda ya yi. Ba ya gane mutum da fuska. Ka gaishe shi, ƙafarka zai amsa wa. Ya taɓa gaya wa wata mata cewa mijinta ya rasa aiki tun kafin mijin ya gaya mata, don ya ga duga-dugan takalmin mutumin sun cinye da yawon neman wani.

Ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya. Ajiya ya iya. In ka ɓata masa rai zai ce maka “ba komai”, ya naɗe maganar ya sa a ƙasan akwati, inda ko asu ba ya kaiwa.

Duk duniya abin da yake ji da shi autarsa ce, yarinya ’yar shekara goma sha biyar. Auta muke ce mata. Tun tana ƙarama, in an tashi daga makaranta rumfar take zuwa, ta ajiye jaka, ta zauna a kan akwati tana goga masa zare da kaki tana ba shi labarin malamansu. Shi kuwa yana ɗinki yana “uhm, uhm”, amma ka ga kunnuwansa har motsi suke.

Sai Manaja ya shigo cikin lamarin. Shi ne mijin ƙanwar Basilla, babba ne a wani kamfani, ko gyatsa zai yi sai ya duba agogo. Wata rana ana cin abinci a falonsa, dangi cike, ya tambayi Auta sakamakon jarrabawa. Ta ce ta zo ta huɗu. Ya ajiye cokali ya ce, “Ki dage, yarinya. In ba haka ba ki ƙare kamar babanki, kullum a durƙushe a gaban ƙafafun mutane.” Ya yi dariya, wasu marasa kunya suka taya shi. Ni ma na ɗan taya, amma tari ne ya sarƙe ni.

Basilla ya ce, “Ba komai.”

Daga ranar Auta ta daina zuwa rumfa. Ta bayan tasha take zagawa ta tafi gida, hanyar da ta ninka tsawo, don kada ƙawayenta su gan ta a wurin. In sun haɗu a gida ta gaishe shi da ladabi, ta shige ɗaki. Wata goma sha ɗaya yana goga zarensa da kansa. Akwatin da take zama a kai bai bar kowa ya zauna ba, har ni, da na gwada sai da ya nuna mini ƙusa.

Da hutun makaranta ya zo, Manaja ya shirya wa dangi tafiya. Ya ɗauki hayar bas, ya kama ɗakuna a wani masauki a gindin wani dutse mai kurmi, wanda ke da kogo can kusa da ƙoli. A bakin mota, da ya ga Basilla da ’yar jakarsa, sai ya ce, “Yaya, ina fata ba kayan aiki ka kwaso ba? Hutu za mu. Kwana biyu dai ka huta da warin ƙafa.”

“Na ji, Manaja. Hutu zan yi.”

Da safe muka fito za mu hau dutse. Kowa da abin da ya samu ya sa. Ni silifas ɗin roba ne, na ɗaure su da igiya. Manaja kuwa ya ajiye wasu takalman hawan dutse a ƙofar ɗakinsa don kowa ya gani, jajaye, masu haƙora a ƙasa kamar tayar tarakta. Ya ce daga waje aka kawo su, ya same su a wani shago da ke rufewa, sun shekara biyar a kwali ba wanda ya iya saye. Ina kallo Basilla ya ɗauki ɗaya, ya lanƙwasa shi a hankali, ya kai hanci ya shinshina, ya bi gefensa da farce. Ya mayar ya ajiye daidai inda yake. Sai na ga abin da ban gani ba tun ranar falon nan: haƙoransa.

Na matsa na ce, “Yaya, lafiya?”

Ya yi ƙasa da murya. “Ba ɗinki ko ɗaya. Gam ne kawai, kuma gam ɗin ya mutu a kwali. Ya sha ruwa, ya sha rana, shi ke nan.”

“To ka gaya masa mana.”

“Ina hutu.”

Mai rakiyarmu, wani dattijo da sanda, ya ce hanya biyu ce. Akwai ta tudu, busasshiya amma doguwa, akwai ta cikin kurmi, gajeriya, sai dai za a tsallaka ƙorama sau uku. Basilla da bai taɓa ba da shawara a taron dangi ba ya ce, “Mu talakawa mu bi ta tudu. Ta ruwan nan sai mai takalmin kirki.” Ai kuwa kamar ya zuba wa wuta fetur. Manaja ya buga ƙafa ya ce ta kurmi za a bi, kowa ya biyo bayansa.

Kurmin nan bishiyoyinsa sun haɗa kai har rana sai ta nemi izini. Jijiyoyi a ƙasa kamar macizai, gansakuka a kan kowane dutse, sauro kuwa manya ne, ɗaya ya cije ni sai da na ji ya yi gyatsa. Manaja yana gaba, yana faɗa wa ruwa da gangan, yana juyowa yana cewa, “Kun gani? Ko ɗigo bai shiga ba!” Basilla yana can baya, da tsofaffin takalmansa da ya ɗinke da hannunsa, yana ƙirga ƙoramu a hankali kamar mai jiran albashi. Bayan ta uku muka fito wani falalen dutse da rana ta gasa, muka yi kusan awa muna hawa a kai.

A cikin kogon abin ya faru. Wuri ne mai sanyi da duhu, ruwa na ɗiga daga sama, jemagu sun yi cincirindo a rufi, warinsu kuwa sai ka riƙe hanci da hannu biyu. Manaja ya haska tocila yana yi mana bayanin shekarun duwatsu kamar tare aka haife su. Sai muka ji ɓat, ɓat, ɓat. Ƙanwar Basilla ta ƙwala ihu ta ce wani abu na bin mu. Aka haska ƙasa. Takalmin Manaja na dama ne ya buɗe baki kamar kada. Ya ƙara taku biyu, ƙasan ya rabu da saman, ya zauna cikin kashin jemagu, Manaja ya taka da safa.

Muka fito bakin kogo. Mai rakiya ya dubi ƙafar, ya dubi gangaren, ya ce saukar awa uku ce, duk tsakuwa mai kaifi da ƙaya, kuma ba mai iya goya mutum mai wannan tumbi.

Manaja ya yi ’yar dariya. “To ai da gwani muke tafe. Yaya, ɗan duba mana.”

Basilla ya samu dutse mai inuwa, ya miƙe ƙafa, ya ɗora hula a kan fuska. “Ina hutu, Manaja. Kai ka ba ni.”

“Haba Yaya, wasa nake.”

“Ni ma hutun wasa nake.”

Ƙanwarsa ta ce, “Yaya, don Allah. Ka dubi zumunci.”

Ya ɗaga hular kaɗan. Ya sa hannu a aljihu ya fito da basilla, da zare, da ɗan guntun kaki. Ashe ko wanka zai shiga suna jikinsa. Ya ajiye su a ƙasa, a gaban ƙafafunsa, ya ce, “Ni ke hutu, ita ba ta hutu. Ga ta nan. Ai aikin ba wuya, durƙuso ne kawai.”

Jama’a, na ga abubuwa a duniya, amma ban taɓa ganin Manaja a durƙushe ba sai ranar. Ya zo gaban Basilla ya duƙa ya ɗauki kayan, ya zauna a ƙasa da takalmi a cinya. Huda ta farko basilla ta zame ta shiga babban yatsansa. Ta biyu ta shiga wando. Ta uku ya samu ya huda, ya ja zaren da ƙarfi, zaren ya tsinke. Gumi ya jiƙa shi har agogo. Ƙudaje suka bar jemagu suka dawo kan safarsa. Ni kuwa tarin nan nawa ya sake tasowa.

Auta tana tsaye gefe, ta harɗe hannu. Na lura tana kallon hannun Manaja tana cije leɓe, kamar mai kallon ana yanka kaza da bayan wuƙa. Da zaren ya tsinke karo na uku sai ta kasa haƙuri.

“Kawu, ba ka goga kaki ba. Kuma ba daga nan ake farawa ba, daga baki ake farawa. Kawo.”

Ta karɓe, ta zauna, ta ja zaren a kan kaki sau uku, ta kafa takalmin tsakanin gwiwoyinta. Hannun nan bai manta komai ba. Ta huda, ta zura, ta ja, ta huda. Da ta kai lanƙwasar gefe sai ta tsaya, don nan fatar ta yi kauri. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, “Baba, nan fa?”

Basilla ya cire hular gaba ɗaya. Ya matso ya zauna kusa da ita. “Karkata ta kaɗan. Kar ki yi dambe da fata, lallaɓa ta za ki yi. Yawwa. Ja biyu tare.”

Da aka gama, mai rakiya ya juya takalmin a hannu ya ce shekararsa talatin yana hawan dutsen nan bai ga ɗinki irin wannan ba, ya tambayi yarinyar inda ta koya. Ta nuna uban da haɓa ta ce, “Babana ne. Duk garinmu ba kamarsa.”

Kuna zaton a nan ya huce? Ba ku san Basilla ba. Auta ta miƙa hannu za ta ɗauki na hagu, don shi ma takalmin ya fara murmushi ta gefe, sai uban ya karɓe basillar ya mayar aljihu. Ƙanwarsa ta ce, “Yaya, ɗayan fa?”

“Kin ce don Allah, an yi ɗaya don Allah. Ɗayan nawa ne.”

Ba mu yi rabin awa da fara sauka ba na hagun ya bi ɗan’uwansa. Manaja ya ɗaure shi da igiyar kyamararsa, ta tsinke, ya ɗaure da hankici, ya zame. Haka ya sauko dutsen nan, ƙafa ɗaya ta sarki ɗaya ta mai neman taimako, yana tsalle a kan ƙaya yana kiran sunayen da ban san ya sani ba. Basilla yana biye da shi da taku uku, hannu a baya, yana nuna wa Auta tsuntsaye.

Satin da ya wuce na biya ta rumfar. Auta na kan akwatinta da kayan makaranta, tana goga zare tana ba da labarin malamin lissafi, ƙawayenta biyu na tsaye suna jiran a gyara musu maɗauri. Na zauna a benci na ce, “Yaya, ka ji tsoron Allah. Magana ɗaya tak, ka riƙe ta kusan shekara, ka hau da ita dutse, ka sauko da ita? Raƙumi ma ya sallama maka. Wallahi sai na rubuta, duniya ta san irin baƙin cikin da ke cikin wannan siririn ƙirjin.”

Bai ɗago ba. Ya ja zare da haƙori ya tsinke.

“Rubuta. Shi gaggawa na yi masa don yana auren ƙanwata. Kai naka laifin shekara bakwai ke nan yana jiƙa, ban ko taɓa shi ba.”

Na ce, “Ni? Me na yi maka?”

“Za ka tuna. A tsakiyar hanya ake tunawa. Auta, miƙo guduma.”