Daji Ba Ya Son Ƙarfe

Ana sallame sallar asuba muka bar Zariya, mu uku: ni, da maigidana a kan sitiyari, da wata ƙawata ma'aikaciyar jinya. Abu biyu ya fitar da mu. Na farko ta'aziyyar Dakta Rabi a Kudan, likitar ciwon daji da ta rasu kwana tara kafin nan, ko talatin da biyar ba ta cika ba. Na biyu ɗauko Gwaggona daga Furana, don saura kwana biyu a yi mata tiyata a cire ƙullutun da ke nononta na hagu.

Kaka ce, duk bakin kwalta an shanya masara da barkono, direba sai ya zaɓa tsakanin rami da abincin mutane. Maigidana ramin ya riƙa zaɓa, ƙuguna shaida ne. A Hunkuyi muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan bana sun ƙanƙance, sai ka jefa biyu kafin haƙori ya san an yi baƙo.

Ta dalilin Gwaggo na san Dakta. Ba ta cikin likitocin nan masu rubuta magani kafin ka gama zama. Bincike take yi a kan abin da ke hana matan ƙauye zuwa asibiti sai ciwo ya ci ƙarfinsu. Duk Asabar takan ɗauki littafinta ta shiga ƙauyukan nan, ta zauna a tabarma, ta sha furar da aka ba ta, ta yi ta tambaya. Amsa ɗaya take ta samu: daji ba ya son ƙarfe. Wato in allura ko wuƙa ta taɓa shi, sai ya fusata ya bazu a jiki. Ita kuwa takan ce jira ne ke baza shi. Sau huɗu ta je Furana da ƙafarta kafin Gwaggo ta yarda a duba ta.

Sai ga shi ita ma daji ya ɗauke ta, na jini, cikin wata biyar.

A Kudan maigidana ya tsaya zaure wajen mahaifinta, mu muka shiga ciki. Muka yi wa mahaifiyarta ya haƙuri, ta ce da godiya, idonta a bushe. Can ta nuna wa ƙawata, wadda ta yi aiki da Dakta a asibiti, kwalaye uku a bayan ƙofa, cike da littattafan binciken.

Ta ce, "'Yar nan, waɗannan fa wa zai karɓa? Marigayiya ta ce kada in bari gara ta ci. Har yau ba wanda ya tambaya."

Masu zuwa da manyan motoci sun zo sun yi jawabi sun tafi, ba wanda ya ɗaga ko marfin kwali. Wannan ya ƙona mini rai, amma abin da na ji a tsakar gida ya fi shi. Muna sa takalma wata dattijuwa take ce wa ta kusa da ita, ƙasa-ƙasa, ai dama wanda ya saba yanka daji, wata rana dajin zai biyo shi gida.

Nan na tuna da Gwaggo. Ranar da Dakta ta rasu, ni na kira Gwaggo ina kuka. Ta tambaye ni me ya same ta, na ce daji. Ban ƙara komai ba.

Daga Kudan zuwa Makarfi rake ne hagu da dama, ga hayaƙin masu dafa mazarƙwaila yana tashi. Mun tsaya sallar azahar, na sayi mazarƙwaila don Gwaggo na sonta. Ƙawata ta kira mata biyu 'yan Gazara da Dakta ta sa wa ranar dawowa asibiti. Ta farko wayarta a kashe. Ta biyu mijinta ya ɗauka, ya ce ta yi tafiya, alhali muna jin muryarta tana kora awaki. Daga nan har Ikara ko kwandunan tumatirin da nake ta cika bakin zan saya ban kalla ba.

A Furana Gwaggo ta tarbe mu da murna. Aka gaisa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi gajiya, ta dama fura. Ina sha ina leƙen ɗaki, ban ga jaka ba. Da ta sunkuya ɗaukar ludayi na hango tsumma ɗaure a ƙirjinta, ga warin jiƙaƙƙen ganye.

Na ce, "Gwaggo, ina kayanki? Rana na yi."

Ta ce, "Ke da bakinki kika ce mini daji ne ya kashe ta."

"Gwaggo, nata na jini ne. Ba ruwansa da aikinta."

"To ita da ta san shi ciki da bai, bai bar ta ba, sai ni? Yarinya mai kirki, Allah ya jiƙanta. Ta yi ta taɓa shi da ƙarfe a jikin mutane, ya rama. Ni ku bar ni da ganyena."

Har la'asar muna abu ɗaya. Ƙawata ta yi bayani, na yi lallashi, na yi kuka, har na ɗaga wa Gwaggo murya, abin da ban taɓa yi ba. Maigidana ya ja babban ɗanta gefe, shi kuwa ya ce uwa ce, ba a ɗaure ta a sa a mota. Da za mu tafi ta cika mana buhu da gyaɗa, ta rako mu har bakin hanya tana sa albarka.

Ana kiran magariba muka shigo Zariya. Abin da tafiyar ta koya mini ba mai daɗi ba ne: Dakta ta yi shekaru tana gini da bakinta, ni na rushe nawa ɓangaren da kalma ɗaya a waya. Ina jin haushin mutanenmu, ina jin haushin kaina fiye da kowa. Washegari ƙawata ta sanar a asibiti, aka ba wata gadon.

Jiya Gwaggo ta kira, muryarta wasai. Ta ce in kwantar da hankalina, magani ya fara aiki, wurin ya fashe yana ta ruwa, mai ganye ya ce dajin ne ke fita.

Na ce, "To Gwaggo, Allah ya ƙara sauƙi."