Ranar da Akwati Ya Ci Mati a Kasuwar Yankara

Da kakar bana shekara goma sha huɗu ke nan da muka kai Mati makwancinsa a Yankara. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, don akwai abin yafewa da dama. Kafin wani mai karatu ya ce tsoho ya zagi mamaci, bari in faɗi matsayina. Uwata da uban Mati ciki ɗaya suka fito, wato taubashina ne. Tun muna yawo ba wando na sami lasin zolayarsa, kuma ban ji malamin da ya ce mutuwa tana soke wannan lasin ba. Ni aji uku na yi a firamaren Ƙanƙara, da na ga malaman sun fara maimaita abin da na riga na sani sai na bar musu makarantarsu. Saboda aji ukun nan Mati ya laƙaba mini Akawu, shi da ko sunansa aka rubuta a bango sai ya zaci zanen ƙadangare ne.

Ba kewa ta sa na ɗauki biro ba. Wa zai yi kewar mutumin da ya shekara arba'in yana cin sa dara? Ɗansa Sanusi ne ya zo mini da magana a watan jiya. Sanusi ya ba hamsin baya, ga furfura a gemu, amma sana'arsa gidan gem ce a nan Ƙanƙara, inda ƙarti ke biya su zauna gaban talabijin suna danne-danne. Ya ce wasu abokan hulɗarsa a Katsina, masu haɗa wasannin waya, suna so su sa dara a waya, don wai abin da ake yayi ke nan, kowace ƙasa ta kwaso wasanninta na gargajiya ta zuba a ciki. Za su yi wasan hawa-hawa, hawan ƙarshe da ba ya ciwuwa su sa masa sunan Mati. Sai dai dole a koya wa na'urar hannun Mati, kuma ba wanda ya san hannun nan kamar wanda ya fi kowa shan kashi a wurinsa.

"Baba, kai kaɗai ka rage," in ji shi. "In ka ƙi, sunan ya tafi ke nan."

Na ce ya ba ni mako guda. Ga abin da na yi ta juyawa a makon.

Wanda bai san darar Yankara ba, gurbi talatin ne a ƙasa gindin tsamiyar bakin kasuwa, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, wannan tsinke, wancan tsakuwa. Ka jera uku ka cinye ɗan abokin karawarka. Wannan kowa zai iya koya a yini ɗaya. Abin da ya mai da ita dara shi ne dokar bayan wasa. Wanda aka ci ba ya tashi. Zai ɗora hannu a gwiwa ya zauna, wanda ya ci shi ya yi masa gori har ya ƙoshi, 'yan kallo suna taya shi, sai ya ce masa, "Tashi ka ba maza wuri." Sannan ya tashi. Wanda ya miƙe kafin a sallame shi, ba mai sake zama da shi.

A nan Mati ya yi sarauta. Ba ya kallon gurbi, fuskarka yake kallo. Daidai lokacin da ka ɗaga tsinke zai tambaye ka lafiyar jakinka, da wata irin murya da za ta sa ka fara tunanin ko jakin ya kwance. Akwai Nomau, wani Bamaguje daga bayan Damari, da yake takowa duk ran kasuwa don ya kara da shi. Mati yakan ce masa, "Nomau, tun daga Damari ka tako don ka kawo mini 'ya'yanka? Ai da ka ba direba saƙo ka huta." Nomau ya zauna ya shanye, mako ya zagayo ya dawo.

To, sai shekarun kuɗin mai suka zo, lokacin da mai tallan goro ke kwana ya tashi ɗan kwangila. Namu shi ne Alhaji Ɗanladi, wanda ya yi mana kwalbatin da ruwa ke kewayewa don ladabi. Shi ya dawo daga Ikko da talabijin, da janareta, da wani ɗan akwati mai igiyoyi biyu, kowace da abin murɗawa a bakinta. Talabijin ɗin ba ta kama komai a Yankara sai yayyafi, amma in aka jona mata akwatin, sai ka ga fararen sanduna biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, da wata 'yar ƙwallo mai kusurwa huɗu tana kai da komo, tana kuka kamar ɗan tsako mai mura. Ka murɗa, sandarka ta hau ko ta sauka ta tare ƙwallon. Iyakar hikimar ke nan. Abin da aka ƙetare teku aka kawo mana ke nan.

Ran kasuwa bayan la'asar Alhaji Ɗanladi ya tada janareta a barandar shagonsa, tsamiya ta watse. Har Nomau ya tafi leƙe. Aka bar Mati shi kaɗai da tsinkensa goma sha biyu a hannu, sai ni, da na tsaya don in ga yadda fuskar sarki take in talakawa sun yi ƙaura. Ya kaɗe riga ya nufi barandar, jama'a suka dare masa.

"Ina mai wasan? A hito mini da shi."

"Malam Mati, shina ciki," in ji Alhaji Ɗanladi, ya murɗa wani makunni da ke sa akwatin ya kara da mutum da kansa.

Mati ya zauna ya karɓi igiya, ya fara aiki yadda ya saba. "Kai na cikin akwati, ɗan gidan wa ne kai? Ko sallama ba a koya maka ba?" Ƙwallo ta wuce. Ya tambayi akwatin lafiyar jakinsa. Ƙwallo ta wuce. Ya leƙa gilashin yana neman idon da zai karanta, ba abin da ya gani sai inuwar hularsa. Kafin ya gama zagin dangin akwatin na wajen uwa, lambobin da ke sama sun nuna goma sha biyar da babu. Ni na karanta wa jama'a, aji uku ya yi rana.

Sai Mati ya ajiye igiya, ya ɗora hannu a gwiwa, ya zauna yana jira. An ci shi, kuma ya san doka. Akwatin bai ce uffan ba. Lambobin suka koma babu da babu, ƙwallo ta ci gaba da kukanta.

"Mi ya yi?" in ji Mati.

"Ya goge," in ji Alhaji Ɗanladi. "Wai a sake."

"Ya ci ni, ya goge?"

Can wani mai kirki daga baya ya ce, "Ba komai Malam Mati, ai ka yi ƙoƙari." Na ga fuskar Mati ta canza kamar an watsa masa ruwan wanke kwano. Gori ana yi wa namiji ne, wanda ake sa ran zai dawo ya rama. Tausayi kuwa na wanda aka gama da shi ne. Ga shi ba ya iya tashi, don ba wanda ya sallame shi, kuma ba wanda ya isa ya buɗe baki.

Ni na isa. Na ratsa na tsaya a kansa na ce, "Jama'a ku zo ku ga sarkin darar Yankara da Damari da Pauwa. Abin da ba shi da uwa ba shi da uba, abin da fetur ne tuwonsa, shi ya shimfiɗe shi. Goma sha biyar, Mati. Ko ɗaya ba ka tare ba, kai da ko kazar maƙwabta ba ta wuce ka." Baranda ta fashe. Nomau ya yi dariya har ya zauna a kwandon wata mai daddawa. Sai da na ƙoshi, na rama na shekaru, sannan na ce, "Tashi ka ba maza wuri." Ya tashi, ya gyara hula, jini ya dawo masa fuska. Ya ce, "Akawu, biyo ni gindin tsamiya in nuna maka uban akwatin." Jama'a suka biyo mu don su ga ramuwa. Ya ci ni sau biyar a jere, ya yi mini gorin da har yau in na tuna kunnena ke zafi. Akwatin kuwa bai ga damina biyu ba janareta ya ƙone shi, kaji suka gaje shi.

A makon da na roƙa, na je gidan gem ɗin Sanusi don in ga jikokin wancan akwatin. Sun yi ƙiba, sun yi launi, har gumi ake zana wa 'yan ƙwallon ciki. Amma da Mati zai leƙo, na san tambayarsa ɗaya ce, ina mai wasan? Za a ce masa yana wata ƙasa da ba a san sunanta ba, ba fuska, ba dangi, sunansa ma na aro ne. In ya ga za a ci shi sai ya kashe data, gobe ya ce sabis ne ya ɗauke. Abin da a tsamiya zai sa a daina gaisawa da mutum, yanzu dabara ce. Sanusi ya nuna mini wani wasan da ake sayen ƙarfi a ciki, mai kuɗi ya sayi bindigar da ta fi ta talaka. A dara ko hakimi ne ya zauna, 'ya'ya goma sha biyu zai zuba, kuma in an ci shi hannu a gwiwa. Akwai kuma waɗanda ba sa wasan ma, sai su ƙona data suna kallon wani ƙato a wata duniya yana nasa. Mu ma mun yi kallo, amma ɗan kallonmu yana da aiki, shi ke kai labarin kayenka har gidan surukanka. Har wani tabarau Sanusi ya ɗaura mini, wai in shiga cikin wasan da kaina. Na shiga, na kai wa wani dodo naushi, na sami fankar shagon Sanusi.

Duk wannan zan iya yafewa. Wanda ya tsaya mini a wuya shi ne na ga wani ya sha kaye a waya, sai wayar ta watso masa taurari da kiɗa, wai saura kaɗan, ya sake gwadawa. Sanusi ya ce kamfanonin suna ɗaukar masu digiri musamman don kada wanda aka ci ya ji zafi, don in ya ji zafi zai tafi. Wato shekara arba'in da ɗoriya ana koya wa akwati magana, kuma da ya buɗe baki, maganar mutumin nan na bayan baranda kaɗai ya iya: ka yi ƙoƙari.

Da mako ya cika na ba Sanusi sharaɗi. Zan koya wa na'urar duk abin da na sani, in har za ta yi wa wanda ta ci gori, kuma ba zai iya fita ba sai ta sallame shi. Ya buga wa mutanensa waya a gabana. Na ji dariyarsu daga inda nake. Suka ce mutane za su goge wasan a ranar, amma za a iya sa 'yar barkwanci mara zafi, da maɓallin kashe ta ga wanda ba ya so. Gorin da ake kashewa da maɓalli. Na ce ya ajiye wayar ya tona mana gurbi.

A tsakar gidana muka tona, don rabona da tsamiyar Yankara tun da hanya ta zama abin da ta zama. Na ɗauki tsinke, ya ɗauki tsakuwa. Niyyata in ci shi in nuna masa abin da ake nufi. Sai ga shi ɗan banzan ya gaji hannun ubansa bai sani ba, ya cinye ni tas. Na ɗora hannu a gwiwa, na zauna ina jira.

Sanusi ya sunkuyar da kai. "Baba, yi haƙuri, sa'a ce kawai. Ai ka yi ƙoƙari."

Ban ga laifinsa ba. Ɗa ne, an yi masa tarbiyya, bakinsa ba zai iya ba. Jikokina ne ke da lasin, su kuwa kawunansu na cikin waya, ba su ma san an ci kakansu ba. A nan na tuna zuwana na ƙarshe wurin Mati yana kwance. Na ce masa, "Wanda akwati ya ci, har yanzu ba ka tashi ba?" Ya yi murmushi da ƙyar ya ce, "Akawu, in na tahi, wa za shi riƙa sallamarka?" Na ɗauka cika baki ne irin nasa.

Na gaya wa Sanusi su sa dara a waya in sun so, gurbi talatin ba na kowa ba ne. Amma ba da sunan Mati ba. Hannunsa ga shi nan a jikin ɗansa, ba sai an koya wa na'ura ba. Abin da ya sa Nomau ke takowa daga Damari kuwa ba ya shiga waya, don shi ne mutum ya ci ka, ya dube ka ido cikin ido, ya riƙe abin a ransa har mako mai zuwa. Mati bai taɓa ce wa kowa ya yi ƙoƙari ba, kuma ban san wanda ya girmama abokan karawarsa kamarsa ba. Sanusi bai ji daɗi ba, ya yi sallama ya tafi.

Na daɗe zaune gaban gurbin nan, hannu a gwiwa, har aka kira magariba. Na tashi da kaina, ba wanda ya ce in ba maza wuri.

Allah ya jiƙanka Mati, ya sa ka huta, kai da akwati ya ci goma sha biyar da babu. Shi ya goge. Ni ban goge ba.