Silimar da Kaka Ba Ta Ga Ƙarshenta Ba

Kakata Tabawa, mahaifiyar babana, sau ɗaya tak ta kalli silima a ƙuruciyarta, ita ma ba ta ga ƙarshenta ba. Amma da wannan guda ɗaya ta raine mu.

A gidanmu na Dakoro, lokacin sanyi, da an idar da magariba an ci tuwo, sai ta hura karan gero a ƙofar ɗakinta, mu jikoki mu kewaye ta. Tana da tatsuniyoyi irin na kowace kaka, amma wadda muke roƙo daban ce. Sai ta yi ta ja mana rai tana gyara wuta, sannan ta dube ni, da yake ni take tsokana da Maigida.

"Maigida, kai ma ita kake so? To ku matso. Wagga ba ji na yi ba, da idona na gan ta a jikin ƙyalle."

Tana amarya, in ji ta, wata mota ta shigo gari da inji, aka ɗaura farin ƙyalle tsakanin itace biyu. Maza suka zauna gaba, mata suka zagaya baya, don hoton yana ratsa ƙyallen. Ba launi, baƙi da fari ne kawai, kuma babu mai jin yaren mutanen ciki. Sai Kaka ta raɗa musu suna da kanta: mijin Mai Hula, matar Doguwa.

Mai Hula masunci ne a bakin wani ruwa marar gaɓa. "Ruwa, ƴan nan, ka tashi daga nan ka kai Sabon Maci, ka ƙara gaba har Maraɗi, ba ka ga ƙarshenai ba." Kifi ya yi wuya a kusa, yunwa ta shiga gida, sai ya hau jirgi ya nufi nesa, ya bar Doguwa da ɗa guda. Kullum idan ta sauke tukunya sai ta jera akushi uku, nata da na yaron da na wanda ba ya nan. Maƙwabta suka yi magana har suka gaji. Wata rana aka nuna ta tsaye a bakin ruwa, ta kare ido da hannu, ga wani abu baƙi can nesa yana tahowa.

A daidai nan hadarin Dakoro ya taso. Iska ta fizge ƙyallen, inji ya mutu, kowa ya ruga gida. Da safe motar ta wuce.

Ƙanwata Hadiza ba ta gajiya da tambaya. "To Kaka, yaya aka yi kika san sauran?"

"Juma'ar da za ta yi kyau tun Laraba ake gane ta. Ke dai saurara."

Sauran kuwa shi ne, abin nan baƙi jirgin Mai Hula ne. Ya sauko da furfura, ya rame, ya tsaya a ƙofar gida yana jin kunyar daɗewa. Doguwa ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta tura masa akushi ta ce, "Zauna ka ci, tuwon ya huce." A nan muke fashewa da dariya kullum, Kaka kuwa ta tsura wa wuta ido.

Sai da na girma na ji labarin kakanmu Ilu. A shekarar wani babban fari ya kora ragowar shanunsa kudu neman ciyawa, babana yana ɗan shekara biyar. Bai dawo ba, ba a kuma ga wanda ya gan shi ba. Malamai suka ce wa Kaka shari'a ta ba ta dama ta yi takaba ta yi aure. Ta ce ba ta yi wa rayayye takaba.

Na zama malamin lakwal, wato makarantar boko, a Maraɗi, na kuma zama mayen silima. Na Indiya, na Sin, na Kano, na mahaya dawaki masu bindiga, tsofaffi da sababbi, babu wanda ba na kallo. A fadarmu ta shayi ni ne alƙali, ni ke yanke wanda ya yi kyau da wanda aka ɓata. Wata Asabar abokina Salisu, mai tara tsofaffin silima a ordinatarsa, wato kwamfuta, ya sa mana wani fim baƙi da fari. Ban ba shi hankali ba sai da na ga wata doguwar mace ta jera kwano uku. Kofin shayi ya kusa suɓuce mini.

Na kalla har ƙarshe. Abin nan baƙi jirgin wasu masunta ne daban. Suka sauko, babbansu ya miƙa wa matar hular mijinta, jiƙe sharkaf. Ta koma gida, ta ɗauke kwano guda ta kife a kan kantar ɗaki. Shi ke nan.

Na yi niyyar rufe bakina. Kaka ta tsufa ƙwarai, me zai sa in rushe mata abin da ta gina shekara da shekaru? Amma na yi kuskuren faɗa wa Hadiza, kuma da na je hutu, ko takalmi ban gama cirewa ba Kaka ta ce, "Maigida, an ce ka gano Doguwa."

"Kaka, tsohon abu ne, hoton duk ya lalace."

"Ni ma na lalace. Ɗauko."

Bayan la'asar na ajiye mata ordinatar a kan turmi, kusa da fuskarta saboda idonta ya yi rauni. Babana ya tsaya a bakin ƙofa kamar mai wucewa. Ta gane su nan take, har tana gaishe su. Da muka iso bakin ruwa na kai hannu zan tsayar, ta buge mini yatsa.

Ta kalli hular. Ta kalli kwanon da aka kife.

Na ce, "Ki yi haƙuri, Kaka. Naki ƙarshen ya fi daɗi. Wannan na baƙin ciki ne."

"Kai ne alƙalin silima, aka ce?" Ta girgiza kai. "Ba ka iya kallo ba. Gata anka yi mata. An kawo mata hula ta riƙa a hannu, ta sani. Ni ko igiyar maraƙi ba a kawo mini ba."

"To don mi kika ce mana ya dawo?"

Ta nuna ƙofa da haɓa. "Tun ba a haihe ku ba nike ba da ita. Wancan na hwara ba, don shi yi barci."

Babana, mai furfura a gemu, ya juya ya ba mu baya, kafaɗunsa suna rawa.

Washegari ta sa aka kira shi. Ta ce ya tara malamai ranar Juma'a, a dama fura, a yi wa Ilu addu'a irin ta mamaci. Aka yi. Ta zauna a tabarma mata suna shigowa suna yi mata gaisuwa, tana amsawa ɗaya bayan ɗaya, fuskarta a sake. Ta ƙara damina biyu a duniya.

Har yau ina kallon silima, har yau ana gardama a fada. Amma na rage saurin yanke hukunci. Idan wani ya ce ƙarshen kaza ya yi daɗi, ko ya yi ɗaci, nakan dube shi in yi tunanin abin da ya baro a gida kafin ya zo ya zauna. Salisu yana cewa na yi sanyi, alƙalancina ya mutu. Ban musa masa ba. Na kalli silima sun fi a ƙirga, amma ranar da ta fi muhimmanci, tsohuwar da ta kalli guda ɗaya ce ta fahimta, ni ban fahimta ba.