Gwankin Bakoji

Bakoji maharbi ne a wani ƙauye bakin dajin Birnin Gwari, zamanin da Turawa ke sa mu saran hanyar mota. Tare muka yi farauta, don haka kada wani ya gaya mini halinsa. Harbi kam ya iya. Amma son a sani! Ko gada ya kashe sai ya zaga kasuwa da ita a kafaɗa yana yi wa kansa kirari. Abin da ya fi so a duniya shi ne a ce babu kamarsa a dawa.

Sai wani mai wa'azin mishan ya sauka a unguwarsu ta Gwarawa. Kafin kaka an tsoma Bakoji a rafi, ya zama Kirista. Ya kwaso rigar layunsa da gurun da ya gada wurin ubansa ya cinna musu wuta a dandali, wai ya miƙa ransa ga Yesu Almasihu, yanzu ba shi da iko da kansa. Tabɗi! Ko tuban ma sai da ya tara 'yan kallo.

Mu maharba muna da ƙa'ida. Wanda ya kashe gwanki ba ya shiga gida sai ya yi wanka da wani sassaƙe, in ba haka ba dabbar ta bi shi ta taɓa masa hankali. Bakoji ya san haka sarai. Da gangan ya nemi gwanki ya harbe, ya wuce gida kai tsaye da jini a hannu.

"Raina na Ubangiji ne," in ji shi. "Ku zuba ido ku gani."

Muka kuwa zuba. Damina ta wuce, bai haukace ba. Kai, mun sha cika baki! Kowace Lahadi sai ya miƙe a 'yar majami'arsu ta ciyawa ya ba da labarin, gwankin kuma kullum ƙara girma yake.

Matarsa Mailafiya ce ta gaji. Ran nan a bakin rijiya ta gaya wa mata cewa ita ta je wurin wata tsohuwa mai magani, Maiturare, ta karɓo sassaƙen, ta jiƙa masa a ruwan wanka tun ranar, don ba za ta zauna da mahaukaci ba saboda taurin kansa. Kafin la'asar gari ya ɗauka. Muka yi dariya har da riƙe ciki. Ashe jarumin namu matarsa ce ta tsare shi.

Washegari na je takanas in ga idonsa. Na same shi a ƙofar gida yana shafa wa kibau dafi, ido jajir. Wai zai koma daji ya kashe wani gwankin, ya tare a dandali inda kowa zai shaida ba a ba shi komai ba. Mailafiya ta fito ta tsaya masa a ka.

"Maigida, don Allah za ka, ko don bakin Abarshi?" Ni ke nan take nufi. "Ka ce ka ba da ran nan naka. To da izinin wa za ka ɗauko shi ka je cin gardama?"

Ya dubi kibiyar da ke hannunsa. Sannan ya mayar da ita cikin kwari, ya shiga ya rataye kwarin.

Ran Lahadi, an ce, da ya miƙe abu ɗaya ya faɗa: "Na ba Ubangiji raina na riƙe sunana. Yau shi ma na sake shi." Ya zauna.

Sunan kuwa ya tafi. Makaɗan maharba suka daina ambatonsa. Gari ya koma kiransa Mijin Mailafiya. Yana farautarsa ta gada da zomo, ya bi ta bayan gari ya shige gida. Ni ban raga masa ba. Duk ran kasuwa sai na ɗaga murya:

"Bakoji, yau ma an jiƙa maka?"

Sai ya ce, "Sannu Abarshi, ya iyali?"

Wallahi abin na ci mini rai. Namiji kamar wannan ya zama sai ka ce tuwon jiya! So nake ko sau ɗaya ya zage ni, ya cakumi wuyana, in san Bakojin da na yi dawa da shi yana nan. Har aka binne shi bai yi mini wannan ba.