Manomin da Yaya Habu Bai Gina Ba

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar yayana, Malam Habu magini. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka makwancinsa. Waɗanda suka san shi a Gyaɗi-Gyaɗi sun ragu ƙwarai, shi ya sa na ga ya dace in ba masu karatu labarin wani aiki da ya yi, wanda ya kusa raba shi da abin da ya fi so a duniya.

Abin da ya fi so kuwa ba gini ba ne. Kiran salla ne. Shi ne ladanin masallacinmu na unguwa, kuma ko yana can saman katanga a Tarauni, da rana ta karkata zai ajiye cokalin gini, ya wanke hannu, ya hau keke. Muryarsa ba ta da wani zaƙi, amma tana da nisa. Matan unguwa da ita suke sanin lokacin ɗora tukunya.

A shekarun saba'in, bayan an sauya hannun tuƙi an koma dama, aiki ya buɗe a Kano. Ana ta zuba kwalta, ana yin shataletale, kuma kowanne sai an nema masa abin ado a tsakiya. A lokacin Gyaɗi-Gyaɗi kusan bakin gari ce, in ka ɗan miƙa wajen Darmanawa sai gonaki. Wani injiniya mutumin kudu, Kirista, da ke zaune a Tarauni da iyalinsa, ya ga adon da Yaya ya yi a fuskar wani soro, ya neme shi ya ƙawata wani ƙaramin shataletale kusa da mu. Yaya ya amsa, ya ba shi hannu, tun bai ga zanen ba. Ya ɗauka irin adon da ya saba ne.

Injiniya mutumin kirki ne, kuma yana alfahari da Hausarsa. Wata rana bayan la'asar ya tsaya da mota a ƙofar masallaci, dattawa na zaune a kan tabarmi, ya gaishe su da ladabi, sannan ya ce cikin fara'a, "Ku taya ni murna, Malam Habu zai yi mana gunki mai kyau, kowa ya zo ya gani!"

Dattawa suka dubi juna. Shi bawan Allah bai san abin da ya faɗa ba. A Hausar da ya koya, duk siffar da aka ƙera aka tsayar sunanta gunki. A kunnenmu kuwa gunki abin bauta ne. Da ya warware takardar zanen, sai ga manomi a tsaye, da garma a kafaɗa.

Liman tsoho ne mai sanyin hali, bai yi faɗa ba. Bayan kowa ya watse ya ce wa Yaya, "Malam Habu, ka ɗan huta da kiran nan, har mu ga abin da hannunka zai fitar." Yaya ya ce to. Muka taho gida.

Na ce masa ya ajiye aikin kawai. Ya ce ya riga ya ba mutum hannu, kuma in ya janye za a kawo wani ya gina manomin, ya tsaya mana a bakin unguwa har abada. Ni na ɗan fi shi zama gaban malamai, don haka na koma littattafaina ina bincike, ina fitar masa da bayani da ajami, don shi ne rubutun da yake karantawa. Na samo cewa malamai sun sassauta idan siffar ba ta cika ba, kamar a ce ba ta da kai. Na kai masa ina murna. Ya dube ni ya ce, "Isa, kana da hankali kuwa? Mutanen ƙauye su shigo birni da kayan gona, su tarar mun fille musu kai a tsakiyar titi?"

Damina ce. Ya kewaye wurin da zana ya fara zuba tushe, jama'a na wucewa suna leƙe. Wasu suka daina amsa masa sallama da kyau. Wani mai shayi yana ganinsa sai ya ɗaga murya, "Ina kwana, maƙerin Lata da Uzza!" Wanda aka ba kiran kuma yakan makara, Yaya yana zaune a sahun baya yana duban inuwa, bakinsa na motsi. Wannan ya fi komai yi masa ciwo.

Wata rana ya roƙi Injiniya ya kai shi wajen Hotoro da azahar. Suka tsaya bakin wata gona. Ga garma a kafe a kan kunya, an rataya mata malafa, ga gorar ruwa da takalma a gefe, ba kowa. Ya tambayi Injiniya ko akwai manomi a gonar nan. Injiniya ya ce akwai mana, ga kayansa. Yaya ya ce to abin da zai gina ke nan. Injiniya ya ce a garinsu ana tsayar da siffar mutanen kirki don a tuna da su, ba mai yi musu sujada. Yaya ya ce ya sani, amma shi a nan zai ci gaba da zama, a nan za a binne shi. Injiniya ya ce zai je ya fahimtar da na sama da shi, kuma ya cika. A hanya ne ma ya ji ma'anar kalmar gunki da ya faɗa, ya dafe kai.

Ranar da aka kwance zanar, unguwa ta fito. Garma ce ta siminti da rodi, ta fi mutum tsawo, a kafe a kan kunya, ga malafa har da saƙarta, ga gora, ga takalma an cire su a jere. Liman ya zagaya a hankali da sandarsa, ya tsaya ya ce, "Malam Habu, ina mai garmar?"

"Allah gafarta Malam, ya tafi salla."

Dariya ta ɓarke, har da mai shayi. Liman bai yi dariya ba, sai gemunsa ya ɗan motsa. Ya ce, "To ai sai a samu mai kira masa a kan lokaci. La'asar ta kusa, wuce."

Ban taɓa ganin Yaya ya taka keke irin na ranar ba.

Yau in na bi ta wajen, sai in rasa inda nake. An faɗaɗa titi, an kwashe shataletalen da garmarsa, Allah Ya taimaka, bayan ransa ne aka yi. Gari ya cika da gadojin sama da fitilu, da manyan alluna masu fuskokin mutane, wasu sun fi soro girma. Nakan tambayi kaina me zai ce. Ina jin gadojin za su burge shi, zai shafa simintin ya ce an yi kwaɓi mai kyau. Allunan kuwa zai ɗaga kai ya tambaya ko masu fuskokin ba su da wani aiki da za a nuna a madadinsu. Gonakin Hotoro da suka zama gidaje, nan ne na san zai yi shiru.

Bai bar suna a jikin aikin ba, hoto ma ba mu ɗauka ba. Gidajen da ya yi wa ado an rushe yawancinsu. Abin da ya rage shi ne ya riƙe kiran nan har ƙarfinsa ya ƙare, bai saɓa wa Injiniya alkawari ba, bai kuma saɓa wa Ubangijinsa ba. Sai kuma wani abu ɗaya. Kwanan baya na shiga adaidaita sahu, wata tsohuwa a gefena ta ce wa direba ya sauke ta a Ya-tafi-salla. Direban bai tambaye ta ko ina ne ba. Ya tsaya daidai wurin, inda babu komai sai kwalta. Na bi ta na sauka, ko da yake ba nan za ni ba, na yi wa Yaya addu'a.